Allurar Ranar Kasuwa

Ɗiyata Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare motar da ta ɗauke ki daga Madawa har masauki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke, bango ɗaya ya raba ɗakina da na innarki inda kike ɗaure kayanki, amma ga uba yana rubuta wa ɗiyarsa wasiƙa kamar wanda ya tafi Makka. Akwai maganar da bakina ba zai iya faɗa miki ido da ido ba, shi ya sa na ba alƙalami. Ki karanta ta duka kafin ki sauka, kada ki ce sai kin huta.

Bari in fara da murna, don ita ce ta fi yawa a zuciyata. Tun ranar da takardar aikinki ta iso na kasa zama wuri ɗaya. Ɗakin reya na babbar likita, babban asibiti! Ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara, inda ba a tura ma'aikaci sai an yarda da hannunsa da idonsa. Sau uku na karanta takardar, sannan na kai wa liman ya gani, alhali ba ya karanta faransanci. Kuma a shekara ɗaya muka fito, ke daga lakkol ɗinki ta koyon jinya, ni daga tawa makarantar, ke da shekara ashirin da biyu, ni da arba'in da bakwai da furfura a gemu. Shekara goma sha huɗu na yi ina ƙaramin anfirme, ma'aikacin jinya, a disfansar ƙauyen nan kafin a ba ni dama in koma aji na shekara biyu. Kin ji abin da innarki ta ce ranar da na rataye diflom ɗina kusa da naki: "Gida guda takarda biyu, amma har yau ba wanda ya raba ni da ciwon bayan ga." Ta yi gaskiya, kuma dariyar da muka yi tana nan a kunnena.

To ga maganar. A ɗakin da za ki fara aiki, Baffanki Nomau, yayana, yau kwanansa shida a kwance. Kin san gyambon ƙwaurinsa ne ya shiga jini. Kin ji kuma maganin da ake ba shi bai sauke zazzaɓin ba. Abin da ba ki sani ba shi ne akwai labarin ƙafar nan da lokotoro, likitan da ke duba shi, bai ji ba, kuma ni kaɗai na san shi daidai. In ya ji, zai fi sanin maganin da zai zaɓa. In bai ji ba, zai iya ɓata kwanaki a kan wanda ba ya aiki, ko ya ba shi wanda zai ƙarasa kashe masa kunne ya taɓa ƙodarsa. A cikin ambulan nan akwai ƙaramar takarda ta biyu, da faransanci, da sa hannuna. Ta lokotoro ce. Wannan doguwar taki ce, don ki san abin da kike ɗauke da shi.

Zan ba ki labarin ranar da idona ya buɗe, ranar da ta fi kowace daɗi a karatuna. A shekara ta biyu aka kai mu labo, ɗakin gwaje-gwaje. Madam ɗin da ke koya mana, wata gajeruwar mace mai faɗa, ta ajiye mana ɗan faranti na gilashi mai murfi, faɗinsa kamar tafin hannuna. A ciki akwai abu kamar daskararren romo. An shafa masa mugunyar wani majinyaci, an jera ƴan fararen takardu a kai, ƙanana kamar ƙwayar wake, kowace an jiƙa ta da magani daban. An sa farantin ya kwana a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri talatin da bakwai. Da safe ƙwayoyin cuta sun tsiro sun rufe shi kamar ciyawa bayan ruwan farko. Amma kewayen wasu takardun fili ne fes, zagaye, irin wanda tururuwa ke sharewa a bakin raminta a gona. Kewayen wasu kuwa babu fili ko kaɗan, ƙwayoyin sun hau har jikin takardar.

Madam ta nuna ɗaya daga cikin waɗanda aka haye ta ce, "Wa zai gaya mini wannan wace ce?"

Na duƙa na karanta harafin da ke jiki. "Fenisilin ce, Madam."

"To, Baba Illa," haka ƴan ajin ke kirana har ita ma ta ɗauka, "kai da ka yi shekaru a daji kana soka wa mutane ita, me ka gani a nan?"

Na ce, "Jikin mutumin ya saba da maganin."

Ta buga tebur. "Ina jikin mutum a farantin nan? Ka ga hannu ko ƙafa? Ba mutum ne ke sabawa ba, ƙwayar ce ba ta jin maganin!"

Ta bayyana mana cewa ƙwayar sitafilokok ce, wadda ta fi kama gyambo da ƙashi, kuma da yawa daga cikin irinta suna fitar da wani sinadari da ke fasa fenisilin kafin ta taɓa su. Maganin da aka ba rabi-rabi yana kashe masu rauni ya bar masu taurin, su kuma su hayayyafa su cika wurin. Kamar ka yi noma ka cire ciyawa mai laushi ka bar ƙuduji, ka ba shi gonar shi kaɗai. Na roƙi a bar ni in dawo da yamma in sake kallo, aka bar ni. Na zauna da ɗan ma'aunin milimita ina auna filayen ɗaya bayan ɗaya kamar yaron da aka saya wa keke. Abin da muka yi shekaru muna cewa iska ce, ko sammu, ko baƙin jini, ashe yana da dalili, ana ganinsa da ido, ana auna shi! Kuma abin da ake aunawa ana iya yi masa dabara. Na fito ina ji kamar in tare masu wucewa in gaya musu. Sai da na kai gindin wata dalbejiya a bakin hanya ƙwaurin Nomau ya faɗo mini a rai, na nemi wuri na zauna.

Na san kin karanta duk wannan, kin ma fi ni maki. Amma ke a littafi kika fara ganinsa, ni kuwa sai da na aikata. Ga kuskurena na farko.

Kin tashi kin ga yadda disfansarmu take ranar kasuwa. Mutanen rugage da na ƙauyukan kan dutse, har daga wajen Tabotaki, sau ɗaya suke saukowa a mako. Fenisilin da ake aiko mana irin ta kullum ce, in ta yi yini da kwana ta fita daga jiki, kuma ƙa'ida a yi ta kwanaki a jere. Amma wa zai bar gona da dabbobi ya tare a bakin disfansa? Sai na ci gaba da abin da na tarar wanda na gada yana yi: allura ɗaya kowace kasuwa. Mutum ya sayar da akuyarsa, ya sayi gishiri da kanwa, ya biyo ta wurina a soka masa, ya hau jaki. Har suna suka sa mata, allurar kasuwa. Masu lafiya ma suna zuwa gab da noman farko su ce a yi musu don ƙarfi. Ina yi, ana sa mini albarka, ana kawo mini ƙwan zabi, ina jin ni wani ne.

Kina da shekara goma hauya ta zame a kan dutse ta sari Baffanki a ƙwaurin hagu, a fadamar albasarsa. Bai zo ba sai ranar kasuwa, bayan kwana biyar, ƙafar ta kumbura tana sheƙi. Na wanke, na ɗaure, na ce, "Yaya, wannan sai ka yi mako a nan. Kowace safiya zan yi maka allura."

"Mako? Kai Illa, albasar tau wa za ya ba ta ruwa, kai ko lokotoron naka? Soka min guda in tai, kasuwa na watsewa."

"Guda ba ta isa, Yaya."

"Ta ishi kowa garin ga sai ni? Ni na goye ka, ka tuna. Yau don ka saka farar riga kana hwaɗa min mako!"

Mutanen da ke layi suka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce, "Likita, bi wanka, kar ka ja mana tsiya." Na ji kunya, na soka masa guda, ya tafi.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ta yi kamar ta yi aiki. Kumburin ya saɓe, bakin ciwon ya rufe. Da damina ya buɗe. Na koma yi masa kowace kasuwa, ya rufe, ya sake buɗewa. Jiya na zauna da tsofaffin kayena, littattafan rajistar aiki, na bi su shafi-shafi, don ba na son in rubuta wa lokotoro abin da na ƙiyasta. A shekara bakwai sunansa ya fito sau sittin da ɗaya, kuma babu inda allurar fenisilin biyu suka zo a jere.

Don haka, ɗiyata, a ɗakin reya lokaci a hannunki yake. Maganin ƙarfe shida ki ba shi ƙarfe shida, da cikakken awonsa, har ranar da aka rubuta. Kada ki tsayar don zazzaɓi ya sauka, kada ki raba kwalba ɗaya wa mutum biyu don tausayi. In magani ya kusa ƙarewa ki gaya wa majo, shugaban ma'aikatan jinya, tun da sauran kwana biyu, ki dame shi har ya gaji da ke. Wanda kuma ba ya buƙatarsa kada ki nema masa. Za ki gamu da masu cewa a yi wa nasu allura mai ƙarfi, wasu manya ne, wasu sun haife ki. Ki durƙusa ki gaishe su, ki sassauta murya, ki ce a'a. Ni kunyar layin mutane ce ta sa na soka, kuma dariyar ba ta fi ta minti ɗaya ba.

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Da aka kai shekara ta bakwai allurar ta daina yin komai. Mugunya ba ta tsayawa, wata rana ma ɗan guntun ƙashi ya fito a kan auduga. A nan ya kamata in tura shi wurin masu fiɗa, domin mataccen ƙashi jini ba ya shigarsa, magani kuwa jini yake bi, sai an buɗe an cire. Shi yana tsoron a yanke masa ƙafa. Ni kuma, in gaya miki gaskiya, ina tsoron a tambayi wanda ya riƙe ƙafar nan shekara bakwai. A kabad akwai sitiraftomisin na masu tarin fuka, na wani majinyaci da ya ƙaura ya bar nasa. Na ce a raina wannan ai ya fi ƙarfi. Ban ɗebi mugunya na aika labo ba, ban tambayi kowa ba. Bayan an gama girbi na sa Baffanki ya tare a zaurenmu. Kin tuna, ke ce ke kai masa hura da hantsi yana sa miki albarka. Giram ɗaya kullum na yi masa, kwana arba'in da biyu.

Gyambon ya bushe na ƴan watanni, na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa. Amma tun kafin ya bar gidanmu ya fara dafa bango in ya miƙe. Wata safiya ya ce, "Illa, gyare ya shige min kunne, shina ta kuka ya ƙi hita." Na leƙa na ce datti ne, na wanke masa da ruwan ɗumi. Daga baya sai an maimaita masa magana. Mutane suka ce tsufa ne. Matarsa, Inna Zali, ta ce, "Ƙarya shikai, in anka ce tuwo ya sauka ai shina ji." Muka yi dariya, har da ni.

A aji na ji sauran. Sitiraftomisin yana lalata can cikin kunne, inda ji yake da inda ke riƙe mutum kada ya yi jiri, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Yana kuma wahalar da ƙoda. Jantamisin, wanda ake yawan ɗaukowa a ɗaki irin naku in cuta ta shiga jini ta ƙi jin na farko, danginsu ɗaya, ɓarnarsu iri ɗaya. Ki lura, ban ce kada a ba Baffanki shi ba. Ni ba lokotoro ba ne, wataƙila a auna a ga ceton rai ya fi kunne. Cewa na yi wanda zai yanke wannan shawara ya san kunnen nan da ƙodar nan sun riga sun sha giram arba'in da biyu.

Shawarata a nan, kada ki yarda a hau magani mai ƙarfi a makance in akwai yadda za a gani. A ɗebi jini ko mugunya kafin allurar farko, ba bayanta ba. Ki rubuta suna da lambar gado da kyau, ki kai labo da ƙafarki in ya kama, ki koma ki tambayi sakamako kada ki jira a kawo. Ki yi abota da mutanen labo, ki san sunan ƴaƴansu, domin farantin nan nasu ya fi hasashen kowa. Ke za ki riƙa ganinsa duk mako, ni sau huɗu na gan shi a rayuwata, har ina yi miki hassada! Wanda kuma ake yi wa jantamisin, ki auna fitsarinsa ki rubuta, in yana magana ki tambaye shi kunnensa. In ya ce miki yana jin ƙara, kada ki ce datti ne.

Na uku gajere ne, amma shi ya fi shafar aikinki na kullum. Kin san nisan rijiyarmu. Daro ɗaya nake cikawa da safe in zuba ɗan magani, a ciki nake tsoma hannu yini guda, in goge da tawul ɗaya. Ranar kasuwa kuwa Baffanki nake fara wanke wa gyambo, don shi ne babba, bai kamata ya bi layi a wurin ƙanensa ba. Sannan in tsoma hantsakin da na wanke masa da shi a daron in ci gaba da sauran. Wata shekara wata mata daga wajen Garhanga ta zo da ƙunar wuta a hannu. Ba a taɓa yi mata allura ba tun da aka haife ta. Ciwon ya yi mugunya, na tsare ta kwana takwas ina yi mata fenisilin yadda ya kamata, ko gezau. Na yi ta mamaki. Ban auna ba, don haka ba zan rantse ba, amma yau ina zargin hannuna ne ya ɗauko ƙwayar Baffanki ya kai mata.

A ɗakinku mutane na kwance da robobi a jijiya da mafitsara, wasu an buɗe cikinsu, kowace kafa ƙofa ce. Ƙwayar da ta gagari magani ba ta da ƙafa, a hannun ma'aikaci take tafiya daga gado zuwa gado. Ki wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba tsakanin kowane majinyaci da na kusa da shi. In famfo ya ɗauke, buta ta isa, wani ya zuba miki, amma kada ki tsoma a daro. Ciwo mai tsabta shi ake fara ɗaurewa, mai mugunya a ƙarshe, ko na wane ne. Baffanki ma yanzu haɗari ne ga maƙwabtansa na gado, ki so shi, ki wanke hannu bayan kin taɓa shi. In lokotoro ya manta, kada ki yi masa magana a gaban mutane, ki miƙa masa sabulun kawai. Abin da ke faranta mini rai a nan, Rakiya, shi ne wannan ba sai an jira jirgi ya kawo shi daga Turai ba. Sabulu da buta ne, kuma ranar da kika fara aiki za ki fara cin nasara da su.

Saura na ƙarshe, wanda bai yi mako ba. Tun ranar farantin nan na san abin da na yi. Na ce zan faɗa, amma sai na gama jarrabawa. Da na gama na ce sai diflom ya fito. Da na dawo na tarar a shekara biyun da ba na nan Baffanki yana sayen kafso ja da rawaya a wurin masu tebur na kasuwa, yana haɗiyar wasu, yana fasa wasu ya barbaɗa a gyambon. Na ce masa mu je a yi fiɗa, ya ce sai an kwashe albasa, na kuma yin shiru. Ranar da aka kawo shi a kan amalanke jikinsa na rawa, bai san inda yake ba, ni na rubuta takardar da aka tafi da shi da ita. Na rubuta gyambo, na rubuta zazzaɓi da awonsa, na rubuta bugun jini. Da na zo layin da ake rubuta magungunan da aka taɓa ba majinyaci, alƙalamina ya tsaya. Na bar shi fari. Na ce a raina in ya farfaɗo zai gaya musu da bakinsa.

Jiya da la'asar Inna Zali ta dawo ɗaukar hatsi da ganin yara, ta bar ƙanenta yana jinya. Ta same ni a disfansa ta ce, "Illa, ya buɗe ido shekaranjiya. Sun tambaye shi ko an taɓa yi mai allura kan ƙahwar ga. Sai da anka ɗaga murya sau biyu kahin ya ji. Ya ce ko guda, ganye shika sawa."

Na ce, "Ke kuma kina tsaye?"

"Ina tsaye mana. Da munka keɓe na ce, Malam, mi ya kawo wagga magana? Ya ce, ke ruhe min baki. Illa ya samu takarda tai da hurhura, ana batun ba shi majo, ni za ni tona shi gaban manyansa? Ƙahwar ai tawa ce."

Kin ji. Ni na yi shiru ina jiran ya faɗa, shi ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri, lokotoro kuma yana aiki da abin da muka ba shi. Ki riƙe wannan: layin da kika bari fari a takardar majinyaci shi ma magana ce, wanda ya karanta zai ɗauka babu komai. In kin yi kuskure, kin ba da maganin da ba shi ba ko kin tsallake lokaci, ki faɗa a ranar, kafin a gina wani aiki a kansa.

Yau da safe na hau mobilet na je Buza gidan waya, sau biyu aka nema mini layin asibitin bai shiga ba. Ba zan iya rufe disfansa in tafi ba sai wanda zai canje ni ya iso, an ce ranar Asabar. Ke kuwa jibi kina can. Shi ya sa na ɗora miki wannan kaya a makonki na farko, ki yafe mini.

A takardar lokotoro na rubuta komai: fenisilin da yadda na yi ta, sitiraftomisin da awonsa da kwanakinsa da inda na ɗauko shi, jiri da kunne, guntun ƙashi, kafso na kasuwa. Ba zan ɓoye miki ba, ina tsoro. Maganin masu tarin fuka ba nawa ba ne in karkatar, za a iya kira na a tambaye ni. Muƙamin majo ɗin nan kuma ina sonsa, har na riga na zaɓi inda zan rataye agogo a biro, ofishin majo. Amma tun da na sa hannu na ji wani sauƙi da na yi shekaru ban ji ba, har innarki ta tambaye ni abin da ya sa nake waƙa a bakin randa. Domin akwai abin yi, Rakiya! Akwai ƴan'uwan fenisilin da aka ƙera musamman yadda sinadarin sitafilokok ba ya fasa su. Akwai masu fiɗa da za su cire mataccen ƙashi. Akwai labo a ƙarƙashin rufi ɗaya da gadonsa. Ban san ko za a same su duka a lokaci ɗaya ba, ban kuma san abin da Allah Ya rubuta ba. Amma karo na farko ke nan da za a yi wa ƙafar nan aiki da gaskiya, kuma ɗiyata ce za ta kai gaskiyar.

Yanzu ki saurara da kyau, don wannan ne na fi jin tsoron ki saɓa. In kin isa, kada ki fara zuwa gadon Baffanki. Ni na koya miki babba ake fara gaisarwa, yau ni ke ce miki ki bari, sau ɗaya tak. Na san shi. Da ya gan ki da farar riga zai gane, zai kama hannunki ya ce ki yi masa alkawarin ba za ki faɗa ba, ke kuma ba a rene ki ki ce masa a'a yana kwance ba. Ki wuce kai tsaye wurin lokotoron ɗakin. In yana aiki ki jira a bakin ƙofa. Ki ba shi takardar hannu da hannu, kada ki bar ta a tebur, kada ki ba wani ya miƙa, kuma ki tsaya har ya karanta. Zai iya ɗaga kai ya tambaye ki wane ne wannan anfirmen da ya yi wannan aiki. Kada ki ce wani ne daga ƙauyenku. Ki ce babana ne.

Bayan haka ki je ki durƙusa ki gaida Baffanki, ki ɗaga murya yadda zai ji, ki gaya masa an riga an faɗa, kuma ni na faɗa. In ya yi fushi ki ce ya ajiye mini, ina tafe.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga ɗakin nan da ƙafar dama. Ya tsare hannunki daga cutar da wanda kika je taimako, Ya tsare jikinki daga abin da ke jikinsu. Ya ba ki haƙuri da manya da tausayin na ƙasa, Ya dawo mana da ke muna masu alfahari. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci. Allah Ya tashi kafaɗun Baffanki, ko da zai tashi yana zagina.

Mahaifinki,
Illa